Kwarin Pantami: Waiwaye a Kan Yadda Ƙasa Ke Mutuwa da Yadda Take Farfaɗowa

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Pantami, ko ya ratsa ta da damina, ya san halin kwari. Hadari kan haɗu a yi ruwa na sa'a ɗaya ko biyu, kafin a ankara jan ruwa ya cika kwarin, yana tafe da yashi da bola da rassan itatuwa, wani lokaci har da katangar gidan wani bawan Allah. Idan gari ya waye sai a tarar bakin kwarin ya ƙara matsowa kusa da gidaje. Manufar wannan maƙala ita ce mu waiwayi tarihin wannan ƙasa tamu domin gano inda kwarin ya samo asali, sa'annan mu auna magungunan da aka yi ta gwadawa bisa ma'aunin binciken da masana muhalli suka gudanar a 'yan shekarun nan. Gaskiya ne mu ɗaliban harshe da adabi ne, to amma ruwa ba ya tambayar fannin karatun mutum kafin ya ci masa gida.

Yadda Gari Ya Zauna a Kan Yashi

Buba Yero, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa masarautar Gombe a farkon ƙarni na 19, hedikwatarta kuwa tana Gombe Abba a bakin kogin Gongola. Bayan zuwan Turawa aka mayar da hedikwata Nafaɗa a 1913, daga nan kuma aka dawo da ita Doma a 1919, wato inda birnin Gombe yake a yau. Ke nan birnin namu, idan aka kwatanta shi da Kano ko Katsina, yaro ne ɗanye shakaf.

Wurin da aka zaɓa kuwa gangare ne. Ƙasar ta yi tudu ta yamma, wajen Akko, tana sauka gabas, kuma yawancinta yashi ne da ke kwance a kan dutse mai saurin marmashewa. Muddin akwai ciyawa da sabara da kalgo da manyan itatuwa a kanta, irin wannan ƙasa takan shanye ruwan sama tamkar soso. Da zarar an tuɓe mata wannan sutura, sai ruwa ya riƙa kwasarta.

Abubuwa uku ne suka tuɓe ta. Na farko shi ne noman auduga da gyaɗa. Mary Tiffen, wadda ta yi nazarin tattalin arzikin masarautar Gombe daga 1900 zuwa 1968, ta nuna yadda baƙin manoma suka yi ta kwarara kudancin masarautar suna sare daji suna kafa gonaki, da yadda garmar shanu ta ba su ikon faɗaɗa noma. Har yanzu sunan unguwar BCGA yana tuna mana kamfanin audugar Turawa da ya kafa injin gurza a garin. Na biyu shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Gombe a 1963, ya ƙara mayar da ita cibiyar ciniki. Na uku, wanda ya fi kowanne tasiri, shi ne ƙirƙiro Jihar Gombe a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Daga wannan rana ma'aikata da 'yan kasuwa da masu neman abin yi suka nufo babban birnin jiha, gonakin da ke kewaye da Pantami da Tumfure da sauran unguwannin gefe suka koma filayen gini. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar Gombe sun haura dubu 260, ban da waɗanda gari ya kai su cikin ƙasar Akko.

Yadda Kwari Ke Samuwa

Ruwan da ya sauka a kan ciyawa yakan nutse sannu a hankali. Wanda ya sauka a kan kwanon rufi da siminti da kwalta kuwa ba shi da wurin shiga, don haka sai ya taru ya bi gangare. Idan titi ko lambatu ya tattara ruwan unguwa guda ya juye shi a wuri ɗaya a kan yashi, sai ya yanka ƙaramar hanya. Ruwan da ke faɗawa cikin wannan yanka yakan ƙwaƙule gindin gaɓar, saman ya rufta, ta haka kan kwarin ke ja da baya yana hawa tudu damina bayan damina. Ɗiban yashi domin gini da sare itatuwan da saiwoyinsu ke riƙe da gaɓa suna ƙara masa sauri, bolar da ake zubawa a magudanai kuma tana karkatar da ruwa cikin gidaje. Ambaliyar watan Agusta na 2004, wadda ta ci rayuka ta rusa gidaje masu yawa a Gombe, ta isa shaida.

Wannan ciwo bai tsaya a kanmu ba. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2025 ya yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam ya ƙirga kwaruruka kusan 3,000 a birane 26 na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ya kuma gano cewa kusan dukkansu suna da alaƙa da tituna da yadda suke tattara ruwa. Darasin da ke ciki a fili yake: ruwan da ke cin gida a Pantami ya taso ne daga rufin gidaje da titunan da ke can sama da ita.

Tsohon Magani

Tunanin ceto ƙasar Arewa ya daɗe. A 1935 wani Baturen gandun daji, E. P. Stebbing, bayan ya zagaya wasu sassan Arewa da Nijar, ya yi gargaɗin cewa Sahara tana tahowa, ya ba da shawarar a ja ɗamarar itatuwa a tare ta. Hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa da ta bi iyakar ƙasashen biyu a 1936 da 1937 ba ta sami hujjar wannan tahowa ba. Duk da haka tunanin ya zauna daram a zukatan mahukunta: manomi da makiyayi su ne masu ɓarna, magani kuwa shi ne a keɓe gandun daji, a hana sara, a dasa baƙin itatuwa a jere. Daga nan muka gaji darbejiya da turare, da bikin dashen itatuwa na shekara-shekara, inda akan dasa a yi hoto a watse, kafin wata damina awaki da rani sun gama da dashen. Ko shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Gombe ke cikin jihohi 11 da ya shafa a Nijeriya, da wannan siffa ta ɗamara ya faro, kafin daga baya a sake masa fasali.

Darasi Daga Maraɗi da Machakos

Waɗanda suka fara sauya wannan tunani manoma ne. A ƙasar Maraɗi, a 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya gaji da ganin dashensa yana mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, waɗanda saiwoyinsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a sassabe su duka, sai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Manoma suka raɗa wa dabarar suna sassaben zamani. Da hukuma ta sassauta dokar da ta mayar da itacen gona mallakar gwamnati, manomi ya tabbata gawon da ya raina nasa ne, sai abin ya bazu. Binciken Chris Reij da Gray Tappan da abokan aikinsu ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, akasarinsu ba dasa su aka yi ba. Gawo kuwa, kamar yadda kowane manomi ya sani, yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ga shi yana ƙara wa ƙasa taki.

Darasi na biyu ya zo ta hannun Mary Tiffen ɗin nan da ta fara aikinta a Gombe. A 1994 ita da Michael Mortimore, wanda ya daɗe yana koyarwa a Zariya da Kano, da Francis Gichuki, suka fitar da sakamakon bincikensu a kan Machakos ta ƙasar Kenya. Sun nuna cewa tsakanin 1930 da 1990 jama'ar yankin sun ninka kusan sau biyar, amma zaizaya ta ragu, domin manoma sun yi wa gangaren tuddai matakala, sun dasa itatuwa, saboda suna da tabbacin mallakar gona da kasuwar sayar da amfani. Ashe yawan jama'a shi kaɗai ba ya kashe ƙasa.

Bincike na baya-bayan nan ya ƙarfafa wannan fahimta. A 2020 Martin Brandt da abokan aikinsa suka ƙirga itatuwa fiye da biliyan 1.8 a wani yanki na Sahara da Sahel ta yamma da ake ɗauka fako ne. A 2024 kuma Catherine Parr da abokanta suka yi gargaɗi a mujallar Science cewa cika dajin ciyawa na Afirka da dashen itatuwa, musamman baƙi, yana iya cutar da ciyawa da ruwa da dabbobin da suka dogara da su. Abin da masana suka haɗu a kai shi ne a dubi ƙasa gaba ɗayanta, tun daga tudun da ruwa ke tasowa har zuwa fadamar da yake kwanciya, a kuma fara da abin da ƙasar ta saba haifarwa.

Inda Muke a Gombe

An yi ƙoƙari, kuma adalci ne a faɗa. Shirin NEWMAP na Bankin Duniya ya gyara kwarin da ya bi ta Jami'ar Jihar Gombe da Malam Inna. A 2019 gwamnatin jiha ta ƙaddamar da shirin 3G da burin dasa itace miliyan ɗaya kowace shekara. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda a ƙarƙashinsa aka kama aikin kwarin Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Muhimmin abu game da wannan shiri shi ne an tsara shi bisa yankunan da ruwansu ke haɗuwa a magudana ɗaya.

Sai dai tarihin da muka bibiya yana yi mana kashedi biyu. Na farko, lambatun kankare yana tsare gaɓar da aka gina shi, amma yana ƙara wa ruwa gudu, idan ba a rage ruwan tun daga sama ba, na ƙasa ne za su karɓi abin da ya biyo baya. Na biyu, adadin da ya kamata a riƙa tambaya shi ne itatuwa nawa suka kai shekara biyar a raye, kuma wa ke da su.

Kammalawa

Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. Waiwayen da muka yi ya nuna cewa kwarin Pantami ɗan shekara ɗari na sarar daji da gine-gine ne a kan gangaren yashi, kuma maganinsa yana warwatse a hannun mutane da yawa. Mai gida a tudu zai iya tara ruwan rufinsa, ya bar wani sashe na tsakar gida babu siminti. Mai gona a bayan gari zai iya barin tohon kalgo da gawo da magarya su tashi. Masu unguwanni za su iya hana ɗiban yashi da zubar da bola a kwari, a dasa jema da gamba a gaɓa. Hukumar tsara birni kuma ta daina yanka filaye a kan hanyar ruwa. Mu da ke jami'a akwai namu aikin: dattawan da suka ga Pantami tana kewaye da gonaki suna nan da rai, sun san inda kowane rafi ya bi da irin itatuwan da ke bakinsa. Ya kamata ɗalibanmu su je da rikoda su tattara wannan sani tun masu shi suna iya ba da labari, domin mai son mayar da ƙasa yadda take dole ya fara sanin yadda take a da.