Thomas Coke na Holkham: Ƙasa, Kujera da Magaji

A Ingila ta ƙarni na 18, ikon siyasa yana hannun masu manyan filaye ne, kuma abin da ya tsare wannan iko shi ne tsarin gadonsu, wanda ya hana a raba ƙasar iyali, ya kuma miƙa ta dunƙule ga babban ɗa namiji, ko ga namiji mafi kusanci idan babu ɗa. Rayuwar Thomas William Coke, wanda aka haifa a 1754, ta ginu ne a kan wannan tsari tun daga farkonta har ƙarshenta.

Holkham, wato gida da gonakin iyalin a gaɓar tekun lardin Norfolk, ba ta kai gare shi ta miƙaƙƙiyar hanya ba. Wanda ya fara gina katafaren gidan, Thomas Coke na farko, ya rasu a 1759 bayan ɗansa tilo ya riga shi rasuwa ba tare da haihuwa ba, don haka gadon ya karkata zuwa ga ɗan 'yar'uwarsa, Wenman Roberts, wanda ya bar sunan mahaifinsa ya ɗauki sunan Coke. Da Wenman ya rasu a 1776, ɗansa Thomas, yana da shekara 21 kacal, ya gaji kusan eka 30,000 a Norfolk, kuma a wannan shekarar ya hau kujerar mahaifinsa a majalisar wakilai. Haɗuwar gadon biyu ba abin mamaki ba ne a zamanin da masu dukiya kaɗai ke zaɓe, ana kuma kaɗa ƙuri'a a bainar jama'a, inda kowa ke ganin wanda maƙwabcinsa ya zaɓa.

A majalisa ya kasance ɗan jam'iyyar Whig, wato ɓangaren da ke neman rage ikon sarki, kuma amini ne ga jigon jam'iyyar, Charles James Fox. Ya yi adawa da yaƙin da aka yi da mazauna Amurka, ya rasa kujerarsa a 1784, ya dawo a 1790, sannan ya zauna har 1832.

Sai dai sunansa ya fi tsayawa a fagen noma. Ya ba masu hayar gonakinsa yarjejeniya mai tsawo, sau da yawa ta shekara 21, domin manomi ya san zai ci moriyar takin da ya zuba, amma ya gindaya musu sharuɗɗa kan abin da za su shuka da yadda za su sauya shi: alkama bana, baɗi wata saiwa da ake ciyar da dabbobi, sannan sha'ir, sannan ciyawa dangin wake mai mayar wa ƙasa ƙarfinta. Taron askin tumaki da yake shiryawa kowace shekara har zuwa 1821 ya zama dandalin da manoma daga nesa ke zuwa ganin irin dabbobi da sababbin kayan aiki. Masu yabonsa sun ce shi ya mayar da rairayin Norfolk ƙasar alkama, amma binciken masanin tarihi R. A. C. Parker na 1975 ya nuna cewa yawancin dabarun sun riga shi zuwa lardin. Gudunmawarsa ta gaskiya, wadda ba ƙarama ba ce, ita ce zuba jari da yaɗa abin da aka riga aka sani.

Matsalar magaji, wadda ta kawo masa dukiyar, ita ce kuma ta dame shi a tsufansa. Matarsa ta farko, Jane Dutton, ta rasu a 1800 ta bar masa 'ya'ya mata uku, waɗanda tsarin bai ba su damar riƙe Holkham ba, komai cancantarsu. A 1822, yana gab da cika shekara 68, ya auri Anne Keppel, wadda ya girma da kimanin shekara 50, kuma kafin shekarar ta ƙare ta haifa masa ɗa namiji. Sarauniya Victoria ta ba shi sarautar Earl na Leicester a 1837, muƙamin da ke kai mai shi majalisar iyayen ƙasa, kuma ya rasu a 1842. Ɗan nasa ya riƙe Holkham har zuwa rasuwarsa a 1909, shekara 155 bayan haihuwar mahaifinsa, kuma gidan yana hannun zuriyarsu har yau.