Ƙaro: Daga Kurtun Tawada Zuwa Kasuwar Duniya

A makarantun allo na Damri, kamar sauran garuruwan ƙasar Bakura da Mafara da Maradun, haɗa tawada yana cikin abubuwan da almajiri yake fara koya. Zai kankaro baƙin gindin tukunya ko ya niƙa gawayi, ya jiƙa, ya tace da tsumma, sannan ya jefa 'yan ƙwayoyin ƙaro ya bar su su narke. In babu ƙaro, baƙin sai ya kwanta a ƙasan kurtu, ruwa ya taso sama, rubutu kuma in ya bushe a allo, da an shafa hannu ya kakkaɓe. In an sa shi, tawada ta yi jiki, ta bi alƙalami, ta kama allo har da sheƙi. Mai wankin hula ma ya san darajarsa, don da shi hula take tsayawa cak.

Wannan aiki na hana abu biyu rabuwa shi ne ya kai ƙaro manyan masana'antun duniya. Masana sun bincika sun ga ƙaro doguwar sarƙa ce mai rassa ta sukari iri-iri, ga kuma ɗan sinadarin furotin a maƙale. Ba shi da zaƙi a baki, ba shi da wari, kuma yana narkewa a ruwa ba tare da ya yi kauri ainun ba. Ƙamshin lemon kwalba daga man ɓawon lemu yake fitowa, mai kuwa ba ya zama da ruwa. Furotin ɗin ƙaro yana kama ɗigon man, sukarin yana riƙe ruwan, sai lemo ya yi watanni a shago bai rabu ba. A alewa yana hana sukari yin tsakuwa. A ƙwayar magani shi ke ɗaure garin, a maganin tari na ruwa kuma yana hana abin da aka haɗa kwanciya. Wanda ya duba bayan kwalba ya ga an rubuta E414, to ƙaro ke nan.

Ba kowane ƙaro ake nema haka ba. Lamba ɗaya a wurin 'yan kasuwar Najeriya shi ne na dakwara, mai tauri da haske. Na dushe shi ne lamba biyu, yana da saurin farfashewa. Sauran da ake tarowa daga ciriri da danginsa su ne lamba uku.

Tsofaffin Misirawa sun yi aiki da ƙaro a tawada da fenti shekaru dubbai da suka wuce. Daga baya ya riƙa isa Turai ta tashoshin jiragen ruwa na Larabawa. Amma inda ya fara zama abin zub da jini shi ne bakin kogin Senegal. A ƙarni na 18 masaƙun Ingila da Faransa suka dogara da shi wajen buga zane, domin shi ke riƙe launi kada ya malala a kan yadi. Sarakunan Trarza da Brakna, a ƙasar da take Muritaniya yau, su ke da dazuzzukan dakwara. Duk jirgin da ya zo sayen ƙaro sai ya biya su haraji, kuma yawanci da baƙin yadi mai shuni na Indiya ake musayar. A 1758 Ingilishi suka ƙwace garin Saint-Louis daga hannun Faransawa, ƙaro yana cikin manyan dalilan. Faransawa suka karɓe abinsu a 1779. Da aka shiga shekarun 1850, gwamnansu Faidherbe ya yaƙi Trarza don ya kawar da harajin nan. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, kafin wannan yaƙi masu itacen ne ke yanka sharaɗi, bayansa kuwa mai saye ya zama mai faɗa a ji. Har yau haka abin yake.

Daga nan kasuwa ta karkata gabas. Jirgin ƙasa ya isa Al-Ubayyid a Kordofan ta Sudan a 1912, garin ya zama babbar kasuwar gwanjon ƙaro ta duniya. Alhazanmu da suka bi ta ƙasa daga Kano zuwa Maiduguri, suka ratsa Cadi da Darfur, ta nan suka wuce, wasunsu ma can suka yi zamansu.

Abin da manomin Kordofan ya fi mu da shi ba iri ba ne, don dakwararsu ita ce tamu. Ya ɗauke ta a matsayin amfanin gona ne. Yakan noma gero ko riɗi ko gyaɗa shekara huɗu ko biyar, in ƙasa ta gaji ya bar ta ga dakwara fiye da shekara goma. Itacen yana fara ba da ƙaro yana ɗan shekara huɗu zuwa biyar, kuma saiwarsa tana mayar wa ƙasa ƙarfi. Da kaka ta wuce, ganye ya fara zuba, sai ya ɗauki ɗan gatari ya ɗaye siririn ɓawo a reshe, ba tare da ya ji wa ƙashin itacen ciwo ba. Bayan mako huɗu zuwa shida ƙaro ya taru dunƙule-dunƙule ya bushe, ya zo ya tsince, ya riƙa komowa duk bayan mako biyu har zafin bazara. Itace ɗaya ba ya ba da yawa, a shekara da wuya ya kai rabin kilo. Amma kuɗi ne da ke shigowa da rani, lokacin da rumbu ya fara ja da baya.

A Najeriya cinikin ya fi kafuwa a gabas. Da layin dogo ya isa Nguru a 1930, ƙaron Borno ya sami hanyar teku, kuma har yau Yobe da Borno da Jigawa ne kan gaba. Akwai tashar binciken ƙaro a Gashua. A Kano marigayi Sani Ɗangote ya kafa masana'antar sarrafa shi ƙarƙashin kamfanin Dansa. Mu a yamma jirgi ya iso Ƙauran Namoda a 1929, amma gyaɗa da auduga ya zo ɗauka. Ƙaro ya tsaya abin da makiyayi ko yaro zai tsinto in itace ya tsage da kansa, a kai wa 'yan koli ranar kasuwa. Ko da aka gama madatsar Bakolori a 1978, hankalin hukuma yana kan shinkafa da alkama na noman rani, ba a kan itacen tudu ba.

Farin 1973 da na 1984 sun kashe dakwara da yawa a Sahel, farashi ya yi tashin gwauron zabi, kamfanoni suka koma neman madadi daga sitacin masara. Sun samu, amma bai maye gurbinsa a ko'ina ba. Shaida ita ce, lokacin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, sai ta bar ƙofa a buɗe ga ƙaro. A 'yan shekarun baya Sudan ce ke fitar da kusan kashi biyu cikin uku na ɗanyen ƙaron duniya, Cadi na bi mata, sannan Najeriya. Ribar mai tsoka kuwa tana Faransa, inda kamfanoni irin su Nexira da Alland & Robert suke narkar da shi, su tace, su mai da shi gari, su sayar da tsada.

A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, ya kuma ci Kordofan da Darfur, inda itacen yake. Masu saye suka bazama neman ƙaro a wasu ƙasashe. Da a ce an shuka dakwara a ƙasarmu shekaru ashirin da suka wuce, da wannan lokaci ne na cin moriya. Zamfara tana cikin jihohi 11 da ke cikin shirin nan na katangar itatuwa don tare hamada, kuma dakwara na cikin itatuwan da suka fi dacewa da shi.

Sai dai sana'ar ƙaro sana'ar shiga daji ce, a koma, a sake komawa. Mutumin Damri ya san abin da shiga daji ya zama. A watan Mayu na 2022 'yan bindiga suka afka wa Damri da ƙauyukan kusa da ita, suka kashe mutane da dama. Wanda bai da tabbacin zai iya komawa ga itace bayan mako shida ba zai tsaya ɗaye ɓawo ba, zai sare shi ne ya yi gawayi ya sayar yau. Ban ga laifinsa ba, amma abin yana ci mini rai, domin dakwarar da aka sare sai an jira shekara biyar kafin wata ta tsaya a madadinta.

Shi ya sa nake ganin a yanzu kada a kai shukar nesa. A fara da shingen gonakin da ke bakin gari, da makarantu, da gefen burtali, inda mutum zai iya zuwa da safe ya dawo kafin azahar. Dakwara tana da ƙaya, tana tare dabba, ba ta kuma neman ban ruwa in ta kama. Irin yana samuwa, masu koyar da ɗaye ɓawo kuma suna nan Yobe da Jigawa, tafiyar yini ɗaya a mota.