Akayau da Koroso: Daga Maƙerar Arewa zuwa Alaba Rago

Tun kafin lantarki ya shigo ƙasar Hausa, maƙera da masu saƙar kaba sun ƙirƙiro kayan da mutum zai ɗaura a jikinsa, motsinsa ya riƙa ba da sauti ba tare da ya riƙe ganga ko ya busa sarewa ba. Fitacce a cikinsu shi ne akayau, wato ƙarfen da maƙeri ke lanƙwasawa daidai idon sawu ya rataya masa ƙananan zobba, ta yadda duk takun da mai shi ya yi sai ƙarfe ya bugi ɗan'uwansa. Koroso kuwa da kaba ake saƙa shi ƙulli-ƙulli a zuba tsakuwa a ciki, kuma daga gare shi rawar koroso ta Kano ta samo sunanta. Hikimar da ke ciki ita ce mai rawa ya zama makaɗin kansa, domin idan ƙafarsa ta saɓa wa kiɗa, kunnen 'yan kallo zai kama kuskuren tun kafin ido ya gani.

Bayan layin dogo daga Legas ya isa Kano a 1912, fataucin goro da na dabbobi ya bunƙasa zangon Hausawa na Agege, daga baya kuma kasuwar Alaba Rago ta kafu a yankin Ojo, kan hanyar Badagry. Duk inda dabbobi suka sauka mahauta na biye, kuma da yake dambe wasansu ne na gado, kalangu da kirari suka sami mazauni a Legas. A da ɗan dambe yakan ɗaura akayau a ƙafar da yake gabatarwa, ya zame masa ado da ƙara da kuma makamin shuri, amma saboda raunin da yake jawowa aka yi watsi da shi, har ya zamana matashin da ke kallon dambe a yau da wuya ya taɓa jin amonsa.

A wajen ƙasar Hausa ma an bi wannan tunani na mayar da motsin jiki sauti, domin a 1984 wani mai suna Michel Waisvisz ya nuna wata na'ura a Amsterdam wadda ake ɗaurawa a hannu, tana mayar da motsin yatsu da na hannu kiɗan lantarki, aka kuma adana tarihinta a rubuce. Akayau ya riga ta da nisa a kan wannan tunani, saboda haka ya wajaba masana al'ada su nemi tsofaffin maƙeran da suka san ƙirarsa, su naɗi bayaninsu da sautinsa tun suna raye.