Tarihin Sassaƙa Mai Halaka Kanta

Sassaƙa mai halaka kanta reshe ne na fasahar ƙera sura mai motsi, inda mai aikin kan harhaɗa na'ura da nufin ta rushe kanta a gaban 'yan kallo. Mutum biyu ne suka kafa tubalinta.

Gustav Metzger Bayahude ne haifaffen Jamus, wanda aka tsere da shi Ingila yana yaro a 1939, 'yan Nazi kuma suka kashe iyayensa. A 1959 ya fitar da takardar manufar wannan fasaha, a 1961 kuma ya fesa asid a kan yadin nailon a gaɓar kogin Thames, mutane na kallo yana narkewa. Jan kunne yake yi a kan makaman nukiliya.

Sai dai aikin da ya fi yin tashe na Jean Tinguely ne, ɗan ƙasar Suwizalan. Ranar 17 ga Maris 1960, a lambun gidan adana fasahar zamani na New York, ya kunna "Homage to New York". Daga bola aka tsinto yawancin kayansa: ƙafafun kekuna, injina, bahon wanka, tsohuwar fiyano, duk an shafe su da farin fenti. Na'urar ta yi ta ƙara da hayaƙi, fiyanon ta kama da wuta tana cikin kiɗa, wasu sassan suka ƙi aiki, har 'yan kwana-kwana suka kashe wutar bayan minti 27. Wannan tangarɗar ita ce armashin aikin, domin ya zo ne a lokacin da ake ganin inji ba ya kuskure. Injiniya Billy Klüver, wanda ya taimaka wa Tinguely, daga baya ya haɗu da mai fasaha Robert Rauschenberg suka kafa ƙungiyar E.A.T., mai haɗa masu fasaha da injiniyoyi.

Daga baya mai fasaha Michael Landy, wanda baje kolin Tinguely ya burge tun yana ɗalibi, ya niƙe duk abin da ya mallaka a Landan a 2001, kaya 7,227, har da motarsa da fasfonsa.

Magabatan sun so aikin da kasuwa ba za ta iya saye ba, amma kasuwar ta cim musu. A 2018 wani zanen mai fasaha Banksy ya yayyanka rabin kansa a ɗakin gwanjon Sotheby's, jim kaɗan bayan an sayar da shi fam miliyan ɗaya da ɗoriya. A 2021 aka sake sayar da shi sama da fam miliyan 18.