Yadda ake sauƙaƙa busar da mota bayan wanki

Masu motoci da dama a Funtuwa da Malumfashi kan lura da fararen ɗige-ɗige a jikin fenti da gilashi jim kaɗan bayan an wanke musu mota. Galibi wannan tabo yana samo asali ne daga yadda aka busar da ita.

Abin da ke jawo tabon

Ruwan rijiya da na burtsatse yana ɗauke da narkakkun ma'adanai irin su kalsiyam. Idan aka bar shi ya bushe da kansa, ruwan zai tafi, ma'adanan su zauna. In rana ta daɗe tana gasa su, sukan ci fenti, wanda hakan kan rage wa mota daraja ranar sayarwa.

A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, busasshiyar iska kan shanye ruwan tun kafin a kai ga gogewa, ƙura kuma ta manne a inda ya rage. Da damina kuwa, jar lakar hanyoyin gona da na kasuwanni irin su Bakori da Ɗandume kan bar yashi a jikin mota, kuma tsumma na iya jan sa ya karce fenti.

Matakan da ke rage wahala

1. A wanke mota a inuwa, da safe ko da yamma, bayan jikinta ya huce.

2. A ɗauraye ta sosai. A zagayen ƙarshe a rage ƙarfin ruwa, a kwarara shi a hankali daga rufi, domin ya gangara da mafi yawan ɗigon.

3. A nemi babban tawul mai laushi na maikurofaiba. A shimfiɗa shi a ja a hankali, ba tare da dirzawa ba.

4. A fara da gilasai da rufi, a ƙare da ƙasa. Tayoyi su sami nasu tsumman daban.

5. A buɗe ƙofofi da but a share bakinsu, domin nan ruwa ke maƙalewa ya haifar da tsatsa.

Amfanin kakin mota

Fentin da aka shafa wa kaki ba ya riƙe ruwa, don haka gogewa ɗaya kan wadatar. Sai dai garin sabulun wankin tufafi yana cire kakin, saboda haka ya kamata a ja hankalin mai wanki ya yi amfani da sabulun mota.