Tangaran ɗin Sin Mai Siffar Turai: Kwaikwayo ko Biyan Buƙatar Mai Saye?

Masu nazarin tarihin ciniki sun sha kiran tangaran ɗin da ƙasar Sin ta ƙera wa Turawa da sunan kwaikwayo. Wannan maƙala tana ganin akwai gyara a maganar, domin magina tangaran na birnin Jingdezhen ba sha'awar kayan Turai ce ta ja su ba. Aiki aka kawo musu, aka biya.

Turawan Fotugal ne suka buɗe wannan ƙofa a farkon ƙarni na 16. Akwai wata buta ta wancan zamani wadda aka zana wa tambarin sarautar Fotugal a kife, alamar cewa mai zanen bai san sama da ƙasan abin da aka ba shi ba. A ganina wannan kuskure ya fi dogon bayani nuna yadda sha'anin yake.

Kamfanin cinikin Holan, wanda aka kafa a 1602, shi ya tsara al'amarin. A 1635 wakilansa da ke tsibirin Taiwan suka miƙa wa fataken Sin samfura na katako, na kofunan giya da mazuban gishiri da makamantansu, abubuwan da ba su da gurbi a teburin Basine. A 1734 kuma kamfanin ya ɗauki wani mai zane na Amsterdam, Cornelis Pronk, ya riƙa tsara adon da za a aika. Daga baya aka raba aikin gida biyu: a gasa farin tangaran a Jingdezhen, a kai shi Kanton a yi masa launi kusa da masu saye. Yawan hajar kuwa, jirgin Geldermalsen da ya nutse a 1752 ya isa shaida, don an tsamo tangaran kusan 150,000 daga cikinsa.

Su ma Turawan kwaikwayo suke yi. Sai a 1710 aka kafa masana'antar Meissen a Jamus, bayan an gano cewa farar laka ta kawolin ita ce asirin, kuma kayanta na farko siffar na Sin suka bi. Ba a jima ba Jingdezhen ta koma tana kwafar adon Meissen. Da masana'antun Ingila suka yi ƙarfi, haraji kuma ya hau, sai kamfanin cinikin Ingila ya daina shigo da tangaran ɗin Sin a 1791.