David Page da kuromosom Y: abin da maƙalunsa suka gano da abin da yawan ambatonsu ke nufi

David C. Page masanin ilimin gado ne ɗan Amurka, farfesa a jami'ar MIT kuma mai bincike a Cibiyar Whitehead da ke Cambridge a jihar Massachusetts. An haife shi a 1956, ya kammala karatun likitanci a Harvard a 1984, ya kuma shugabanci Cibiyar Whitehead daga 2005 zuwa 2020. Kusan shekara 40 ke nan aikinsa yana tafiya a kan kuromosom Y da ƙwayoyin da ke zama maniyyi a jikin namiji. Tarihin maƙalunsa ya zama abin nazari a fanni biyu: yadda aka gano wasu dalilan rashin haihuwa na maza, da kuma yadda ya kamata a karanta alƙaluman da jami'o'i ke auna malamansu da su.

Mene ne kuromosom Y?

Bayanan gadon ɗan Adam suna ƙunshe cikin wasu dunƙule 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Biyu daga cikinsu ne ke da alaƙa da jinsi: mace tana ɗauke da X biyu, namiji kuma X da Y. Ƙwan mace X kawai yake bayarwa, don haka maniyyin uba ne ke zuwa da abin da zai sa a haifi namiji ko mace. Kuromosom Y yana gangarowa daga uba zuwa ɗa kai tsaye. Ƙarami ne idan aka kwatanta da X, kuma an daɗe ana yi masa kallon kufai, wurin da ba a sa ran samun wani abin kirki. Wannan kallon ne Page ya shafe shekaru yana ƙalubalanta.

Maƙalar 1987 da sakamakonta bai tsaya ba

A ƙarshen 1987 Page da abokan aikinsa suka wallafa maƙala a mujallar Cell inda suka nuna wata ƙwayar gado a kan Y, wadda aka sa wa suna ZFY, a matsayin wadda suke ganin ita ce ke sa tayi ya zama namiji. Labarin ya karaɗe duniyar kimiyya. Ba a jima ba hujjoji suka fara warware shi. A 1988 aka gano cewa a dabbobi irin su kangaru, makwafin wannan ƙwayar ba ya kan kuromosom na jinsi. A 1989 aka samu maza masu X biyu waɗanda ba su ɗauke da ZFY. A 1990 Andrew Sinclair da Peter Goodfellow da abokansu a Landan suka bayyana ƙwayar SRY a mujallar Nature, sannan a 1991 rukunin Robin Lovell-Badge ya sanya ta cikin ɓera mai X biyu, ɓeran ya fito namiji. Nan aka rufe muhawarar.

Duk da haka an ci gaba da ambaton maƙalar 1987 sau ɗaruruwa, domin duk wanda zai ba da tarihin gano SRY sai ya bi ta kanta. Ma'ajin ƙididdiga ba ya bambanta ambaton yabo da na gyara, kowanne lamba ɗaya ce.

Maƙalun da suka isa asibiti

Tun 1976 masu bincike biyu a Italiya, Tiepolo da Zuffardi, suka lura cewa wasu mazan da ba a samun ƙwayoyin haihuwa a maniyyinsu sun rasa wani yanki na dogon hannun Y. Abin da ya rage shi ne a san ainihin wurin da abin da ke cikinsa. A 1992 rukunin Page ya fitar da taswirar kuromosom Y a mujallar Science, wadda ta ba da damar wannan neman.

A 1995 Renee Reijo da Page da abokansu suka wallafa sakamakon a Nature Genetics. Cikin maza 89 da ba su da ƙwayoyin haihuwa a maniyyi, 12 sun rasa wani yanki na Y, kuma a yankin akwai ƙwayar gado da suka kira DAZ. Mazan lafiyayyu ne ta kowace fuska, kuma galibi ba daga iyayensu maza suka gaji giɓin ba, a kansu ya fara. Daga baya aka raba wannan ɓangare na Y gida uku: AZFa da AZFb da AZFc.

Amfanin rabon a bayyane yake ga ma'aurata. Idan AZFa ko AZFb ya ɓace gaba ɗaya, da wuya a samu ƙwayar haihuwa ko da an yi wa mutum tiyata a maraina, don haka gwajin jini yana iya hutar da shi daga wahala da asarar kuɗi. Idan AZFc ne, sau da yawa akan samu ƴan ƙwayoyi da za a iya cusa ɗaya cikin ƙwan mace a ɗakin gwaji. A 1999 Page da likita Sherman Silber suka nuna cewa ƴaƴa mazan da aka samu ta wannan hanya suna gadon giɓin mahaifinsu. Wannan bayani ne da ya wajaba a faɗa wa iyaye kafin su yanke shawara. A yau gwajin giɓin Y yana cikin gwaje-gwajen da ake ba mazan da ke da ƙarancin ƙwayoyin haihuwa mai tsanani shawarar yi.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. A wuraren da aka saba ɗora wa mace laifin jinkirin haihuwa, har ya kai ga gori ko saki ko ƙarin aure kafin mijin ya je gwaji, irin wannan bincike hujja ce cewa matsalar tana iya kasancewa a jikin namiji tun ranar da aka haife shi, ba tare da laifin kowa ba.

Jerin 2003 da muhawarar ƙarewar Y

Maƙalar da ta fi fice cikin ayyukan Page ita ce ta 2003 a Nature, wadda Helen Skaletsky ta jagoranci rubutawa tare da masu bincike na Jami'ar Washington da ke St. Louis. Ta kawo jerin haruffan gado na ɓangaren Y da ya keɓanta ga maza, inda aka ƙirga ƙwayoyin gado 78, yawancinsu masu aiki a maraina. An kuma gano manyan jeri takwas da kowanne ke da hannu biyu masu kama da juna kamar mutum da hotonsa a madubi. Da yake mafi yawan Y ba shi da abokin da zai yi musayar gyara da shi, yana amfani da hannu ɗaya wajen gyara ɗayan. Wannan kamanceceniyar ce kuma ke jawo kuskuren da ke yanke yanki kamar AZFc. An ambaci maƙalar sau dubbai, domin ta zama madogara ga likitoci da masu nazarin asalin al'ummomi da masu binciken laifuka ta hanyar gado.

A 2002 Jennifer Graves ta Ostireliya da John Aitken sun yi hasashen cewa idan Y ya ci gaba da zubar da ƙwayoyinsa, zai iya ƙarewa cikin shekara miliyan 10. Amsar rukunin Page ta zo a 2012, lokacin da Jennifer Hughes ta kwatanta Y na mutum da na birin rhesus, waɗanda zuriyarsu ta rabu kimanin shekara miliyan 25 da suka wuce. Ƙwayar gado ɗaya tak daga cikin na asali Y na mutum ya rasa a tsawon wannan lokaci. Graves ba ta janye matsayinta ba, tana kafa hujja da wasu nau'o'in ɓeraye da suka rasa Y ɗungurungum.

Yadda ake karanta alƙaluman

Ƙirga ambato ya samo asali daga ma'ajin da Eugene Garfield ya fara fitarwa a 1964. A 2005 Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin h: mai h 20 yana da maƙala 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Google Scholar da Scopus da Web of Science kowanne na ba da lamba daban ga mutum ɗaya, saboda ba rubuce-rubuce iri ɗaya suke tattarawa ba, kuma lambar tana ƙaruwa kullum.

Aikin Page ya nuna iyakar wannan awo ta hanyoyi uku. Maƙalar da aka warware sakamakonta tana tara ambato tare da waɗanda suka tabbata. Maƙalun manyan ɗakunan bincike aikin mutane da yawa ne, sunan ɗalibi ko ƙaramin mai bincike a farko, na shugaba a ƙarshe, amma kowa yana samun cikakken lissafi. Sannan likitan da ke amfani da gwajin giɓin Y kullum ba ya ambaton kowa a ko'ina.

Saboda irin waɗannan dalilai aka tsara Sanarwar San Francisco a 2012, wadda ta buƙaci jami'o'i da masu ba da tallafi su duba abin da bincike ya ƙunsa maimakon martabar mujallar da ya fito. Batun ya shafi jami'o'in Najeriya, inda ƙarin girman malami ya rataya sosai a kan adadin abin da ya wallafa. Tambayoyin da suka fi dacewa a yi kan kowace maƙala su ne ko wasu sun gwada sakamakonta ya tsaya, da kuma abin da ta sauya a ɗakin bincike ko a asibiti. Da wannan ma'auni maƙalar ZFY ta faɗi cikin shekara uku, ta DAZ kuma tana aiki shekara 30 bayan fitowarta.